Tuntun da Na Yanke daga Rumfar Amarya

Shekarata bakwai a Faransa lokacin da abin nan ya faru, kuma har ranar ba ni da takardar zama. Ni tela ne. Aji uku na yi a lekol a Damagaram, sauran karatuna a gindin keken ɗinki na yi shi. Mai neman zance mai ado sai ya nemi wani.

A Goutte d'Or na fara sauka, unguwar baƙi ce a Paris, mu biyar a ɗaki guda. Wanda ya fara cutata ɗan ƙasarmu ne, mai babbar riga da carbi a hannu. Ya karɓi hotunana ya ce yana da mutum a ofishin takardu. Bayan wata huɗu ya kawo mini kati. Rana guda na yi da shi a aljihu, gumi ya taɓa shi, hotona ya ɗaye. A kwandon shara na jefa shi, na waiga hagu da dama kamar ni ne na ƙera shi.

Daga nan na koyi tafiyar marar takarda. Ba ka sauri, ba ka nawa. Ka ga 'yan sanda a bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ka juyawa, sai ka tsaya kamar kana duba waya har su kama wani. Na yi ɗinki a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara huɗu, ban san lokacin da rana take fitowa ba sai ranar Lahadi. A cikin shekarun nan mahaifiyata ta rasu. A waya na ji. Wasu ne suka ɗinka mata likkafani, ni da nake ɗinka wa duniya.

Issufu ne ya fitar da ni daga ramin. Mutumin garin Tawa ne, sa'ana, direba, yana da takardunsa da bakin da ba ya hutawa. Yana tuƙa motar kaya ta wata mata da ake ce wa Madam Rashel, Bayahudiya, wadda iyayenta suka zo daga Aljeriya. Sana'arta kayan biki, amma abin da aka fi saninta da shi rumfar aure ce irin tasu, wadda suke kira huppa. Ba wani abu ba ne a ido: sanda huɗu da ƙyalle a sama. A ƙarƙashinta ake tsayar da ango da amarya a ɗaura musu aure. Wasu suna son farin leshi, wasu karan-miski da aikin zare mai ruwan zinariya, wasu su kawo ƙyallaye daga dangi a haɗa musu kamar bargon faci. Ni nake ɗinkawa.

Madam gajeriya ce mai faɗa, ba ta dariya sai ta gama duba aiki. Amma ita ce ta nuna mini lungu bayan kantar yadi ta ce, "Habu, nan za ka riƙa sallarka, kada ka je ka tsaya a sanyi." Da azumi kuwa dabino take ajiye mini a kan keke ba ta ce komai ba.

A shekara ta uku ina wurinta, wata lauya mai taimakon baƙi ta ce mini hanyata ɗaya ce. Mai gidan aikina ta sa hannu a wata takarda cewa tana buƙatata kuma za ta ci gaba da riƙe ni. In babu wannan, babu zance. Na kai wa Madam takardar. Ta karanta a tsaye, ta jefa a aljihun tebur.

"Bikin 'yata Leya ranar Lahadi ne a Lyon. Kaina ba ya nan. Litinin in mun dawo zan sa hannu."

Ranar Alhamis kafin ta hau jirgin ƙasa ta kawo mini wani abu nannaɗe a jakar karan-miski. Mayafin ulu ne, fari mai ratsin baƙi, ya tsufa har ya yi ja-ja. Ta ce sunansa talit, shi mazansu suke yafawa in za su yi addu'a. Na mahaifinta ne, marigayi. Shi za a shimfiɗa a saman sandunan.

"Ka ɗinka masa ƙyalle ta baya, ka yi madaukai huɗu a jikin ƙyallen inda sanda za ta shiga. A hankali, Habu."

Ta fita.

To, ga inda na shiga uku. A kowace kusurwar mayafin akwai tuntu na dogayen zaruruwa, masu ƙulli-ƙulli. Ɗaya daga ciki ya fi sauran lalacewa, ya yi baƙi saboda taɓawa, zaren wani dogo wani gajere. Mu kuwa a shagon da na koyi aiki, maigidana da sanda yake bin wanda ya bar zare yana lilo a jikin riga. Zare a sake abin kunyar tela ne. Na ce a raina, wannan za a ɗaga bisa kan amarya, kowa yana kallo? Bari in cire su duka in yi sababbi na alharini, Madam ta ga hannun Damagaram.

Na sa almakashi na datse guda ɗaya daga tushe.

Da na ɗauko shi don in ga tsawon, sai na lura da naɗin da ke tsakanin ƙulle-ƙullen. Na ƙirga. Goma, biyar, shida, biyar. Na duba na kusurwa ta biyu. Goma, biyar, shida, biyar. Ta uku haka, ta huɗu haka. Wannan ba yamutsi ba ne, lissafi ne. Wanda ya taɓa riƙe carbi ya san abin da aka ƙirga don Allah. Na ajiye almakashin na zauna.

Abin da na yi bayan nan ya fi yankan muni, kuma ba zan ɓoye ba. Na nemi zaren ulu, na jiƙa shi a ruwan shayi, na shanya, na goga shi a tafin hannu da ƙurar keke har ya yi dauɗa irin ta shekaru. Na zura shi a hudar, na kwaikwayi ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, ni kaina sai na nemo kafin in gane wanne ne nawa. Wanda na yanke na naɗe a takarda na sa a aljihun gaba.

Lahadi da sassafe muka ɗauki hanyar Lyon. Issufu yana tuƙi, ni a tsakiya, a bakin taga kuma Kawu Eli, ƙanen mahaifin Madam, tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Ya ƙi jirgin ƙasa, ya ce inda mayafin yayansa yake nan zai zauna. Jakar tana kan cinyarsa, hannunsa biyu a kai.

Gari ya yi duhu da hadari tun daga fitarmu, ruwan bai sauko ba, bai kuma watse ba. A wurin biyan kuɗin hanya jandarmomi sun tsayar da wata motar kaya irin tamu, sun fito da mutum biyu baƙaƙe sun jingina su da mota. Issufu ya ce da Hausa, bakinsa bai motsa ba, "Tela, kalli gabanka. Ka yi fuskar mai takarda." Muka wuce. Ɗaya daga cikin jandarmomin ya bi mu da ido har muka yi nisa.

Don in kawar da tunani, sai Issufu ya fara tsokanar tsohon da Faransanci.

"Baba, ni fa rumfar nan taku ban gane mata ba. Mu in za a kai amarya, a lulluɓe take, a ɗaki take, ƙofa a rufe. Ku kuma kun tsayar da ita a fili, ba bango ko ɗaya. Kuɗin yadi ne ya gagara?"

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce rumfar ita ce gidan farko na ango da amarya. An bar ta a buɗe ta ko'ina saboda tantin Ibrahim, wanda aka ce ƙofa huɗu gare shi don kada baƙo ya sha wahalar zagaye, ta duk inda ya fito ya shiga.

"Annabi Ibrahim namu?" in ji Issufu.

"Naku, namu. Tun kafin a haife ku muke rigima a kansa."

Ya ce ba a sa kujera ko gado a ciki, don a tuna musu gida ba kaya ba ne. Ƙyallen kuma da gangan yake marar ƙarfi, iska tana iya ɗauke shi, sai in mutum huɗu sun riƙe sandunan. Sannan ya dubi hadarin ya ce, "Mun daɗe muna zama a gidajen da ake iya naɗewa."

Ni ne na tambaya. Ban san abin da ya kai bakina ba.

"Baba, zaren nan na kusurwa fa?"

Ya buɗe jakar ya zaro kusurwa ɗaya. Na duba da gefen ido. Ba tawa ba ce. Ya ce sisit ake ce masa, kuma shi ne mayafin, in babu shi ƙyalle ne kawai. Naɗin da ke jiki ƙirgen harufan sunan Allah ne. Ya ce yayansa da hannunsa ya ƙulla waɗannan huɗun a shekarar da suka bar Aljeriya, kuma da guda ɗaya yake shafa idonsa ya sumbata kullum, shi ya sa ya fi sauran baƙi.

"In ya tsinke fa? Ko wani ya yanke?"

"In ya tsinke, ɗaya daga cikinmu ya ƙulla sabo, da zaren da aka kaɗa don wannan aikin. Yanka kuwa," ya mayar da kusurwar cikin jaka, "sau ɗaya ake yanka shi. In mutum ya mutu, a naɗe shi da mayafinsa, a datse tuntu guda. An sallame shi ke nan. Haka na yi wa ɗaya mayafin yayana da muka binne shi da shi. Ni na riƙe wuƙar."

Na ji takardar nan a aljihuna kamar garwashi. Ashe likkafani na haɗa wa amarya.

A wurin shan mai tsohon ya shiga kewaye, na gaya wa Issufu komai. Ya dafe kai.

"Kai, Badamagare! Wa ya aike ka? An ce ka yi madauki, ka tafi aski!"

"Zan faɗa mata."

"Za ka faɗa wa wa? Shi da ya riƙe abin tun Paris bai gani ba. Gobe Litinin, Habu. Gobe! Shekara bakwai kana tafiya kamar ɓera a bango, saura kwana guda. Ka bari ta sa hannu, bayan nan in kana so ka hau hasumiyar Eiffel ka yi shela."

"In wani abu ya sami yarinyar fa?"

"Zare ke kashe mutum? Kai ba Musulmi ba ne?"

"Na san Allah ke kashewa."

"To, rufe bakinka. 'Yarka tana jiranka a gida, ita ma wata rana aure za ta yi. Kana so a yi babu kai, kamar yadda aka yi jana'izar tsohuwa?"

Da wani ne ya faɗi wannan da na mare shi. Amma gaskiya ya faɗa. Muka koma mota muka ci gaba har Lyon.

Wurin bikin wani tsohon gida ne mai fili a bakin kogi, bayan gari. A ƙofar akwai masu gadi uku da motar 'yan sanda a gefe. Wata biyu kafin nan an yi wa wani wurin ibadar Yahudawa rubutun ɓatanci a bango, kowa a tsorace yake. Masu gadin suka duba ƙarƙashin motarmu da madubi, suka buɗe sandunan ɗaya-ɗaya. Mai riƙe da jerin sunaye ya nemi katina. Kafin in buɗe baki sai ga Madam ta taho cikin rigar biki, gashinta rabi a gyare.

"Nawa ne. Habu ne. Ku bar shi."

Nawa ne. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka kafa rumfar a tsakiyar ciyawa. Iska tana tasowa daga kogi tana kaɗa mayafin, tuntaye huɗun suna lilo. Uku suna lilo iri ɗaya. Nawa, a idona, ya fi su nauyi. Baƙi suka fara zama, maza da 'yan huluna a ƙeya, kowa ya shigo sai ya waiwaya ya dubi ƙofa. Sai na ga amarya ta leƙo ta taga a bene, ta hango rumfar, ta sa hannu a baki. Madam ta zo ta tsaya a ƙarƙashi ita kaɗai. Ta kama kusurwa guda, tawa, ta kai zaren ga idonta, ta sumbata.

Wannan ne ban iya ɗauka ba. Tana sumbatar ruwan shayina da ƙurar kekena, tana zaton yatsun ubanta ne.

Issufu ya riƙe mini riga. "Tela, don girman Allah."

Na fizge. Na je na tsaya a gabanta, na ciro takardar da na naɗe tuntun a ciki na buɗe a tafin hannuna. Faransancina ya gudu, da ƙyar na haɗa.

"Madam, wannan ne na babanki. Wancan ni na yi. Na yanke shi ranar Alhamis. Na zaci zare ne ya lalace."

Ta dubi hannuna, ta dubi kusurwar. Fuskarta ta yi fari kamar alli. Ba ta yi ihu ba, ita da take ihu a kan maɓalli guda. Ta ce a hankali, "Ka yanke. Sannan ka yi na ƙarya ka rataya bisa kan 'yata."

"Haka ne."

"Kuma da ka yi shiru ba zan sani ba."

"Haka ne."

Ta ɗauke tuntun daga hannuna ba ta taɓa fatata ba, ta juya ta shige gida.

Kawu Eli ne ya sa aka sauke rumfar. Ya aika wurin malaminsu da zai ɗaura auren, aka samo sabon zare a jakarsa. Tsohon ya zauna a kujera, mayafin a cinya, ya warware aikina da farce, ƙulli bayan ƙulli, ya ƙi a ba shi almakashi. Ya daɗe, don na ƙulla da kyau. Da ya zo zura sabon zaren, ya ƙi shiga hudar. Na miƙa hannu in taimaka.

"A'a. Wannan ba naka ba ne. Riƙe mini ƙyallen kawai."

Na durƙusa na riƙe. Yana naɗawa yana ƙirgawa da yarensu, ɗigon ruwa yana faɗowa jefi-jefi a kan ulun. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Mayafin zai gyaru, kada ka ji tsoron mutuwa, ba haka abin yake aiki ba. Abin da ba zai gyaru ba, yayana ya ƙulla huɗu, yanzu saura uku." Ya ja ƙullin ƙarshe. "Amma kai ɓarawon hannu ne, wallahi. Awa biyar yana cinyata."

An ɗaura auren a makare. Daga bayan motar kaya na kalla. Maza huɗu suna riƙe da sanduna, iska tana neman ƙwace su, sabon tuntun fari fat a cikin tsofaffi uku, kowa yana iya ganinsa daga nesa. Ango ya taka kofin gilashi ya fashe, kamar yadda suke yi, mai gadi ɗaya ya zabura ya kai hannu ƙugu. Sannan aka ɓarke da guɗa irin ta matan Aljeriya. Ruwan ya sauko bayan an shiga ciki.

Litinin na je aiki don ban san inda zan je ba. Madam ba ta zo ba. Talata ta zo, ta wuce ni. Laraba haka. Issufu ya daina yi mini magana sai a kan aiki. Na fara tattara 'yan kayana a leda, allurai da abin awo, don kada korar ta same ni a warwatse.

Ranar Juma'a kafin ta rufe shago ta tsaya a kaina. Ta ajiye takardar a kan keke. Akwai sa hannu, akwai hatimi.

Na miƙe zan yi magana, ta ɗaga hannu.

"Na ce zan sa, na sa. Kuma ina buƙatar tela, abin da takardar ta ce ke nan, ba ƙarya na rubuta ba. Kada ka gode mini."

"Madam, ki yafe mini."

"A'a."

Haka ta faɗa, kai tsaye. A garinmu ko wanda ka kashe wa saniya, in ka durƙusa, zai ce ya yafe ko da a baki ne. Ban taɓa jin an ce a'a ba.

Takardar zama ta fito bayan wata goma sha ɗaya. Na je gida, na ga kabarin tsohuwa, na ga 'yata ta kusa kai ni tsawo. Na dawo kan kekena. Da kaka ta zagayo, gab da babban azuminsu na yini guda, Kawu Eli ya biyo ta shago ya ja ni gefe. Ya ce a wurinsu wannan ne lokacin neman gafarar mutane, don Allah ba ya yafe abin da ke tsakaninka da wani sai shi wanin ya yafe. Ya ce sau uku ake roƙo. In an ƙi ka sau uku, ka fita, nauyin ya bar wuyanka.

Na same ta tana auna leshi. Na sake roƙo. Ba ta ɗaga kai daga yadin ba ta ce, "Ba bana ba, Habu."

Biyu ke nan. Kaka biyu ta wuce tun daga ranar, ina ɗinka mata rumfuna, tana duba aikina tana faɗa. Issufu kullum sai ya ce in yi na ukun in huta, ai ko ta ƙi na fita. Shi bai gane ba. Ba fita nake nema ba. In na roƙa ta ce a'a, ba ni da sauran roƙo.